Tambayoyin Masu Karatu: Ziyarar Suleja da Magangarar Ruwa ta Gurara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, kuma ina da abokai biyu da muka yi karatun allo tare a Zariya tun muna samari, waɗanda yanzu suke zaune a Suleja da iyalansu. Mun daɗe ba mu ga juna ba sai gaisuwa ta waya, ga shi sun matsa in je, har sun yi alkawarin kai ni magangarar ruwa ta Gurara. Wane lokaci ya fi dacewa in tashi, kuma wurin ya kai a yi masa wannan doguwar tafiya?
Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokan da aka ci bara tare da su, aka kwana a zaure ɗaya, sun isa a yi musu tafiyar ko da babu Gurara, domin zumunci a ƙafa yake. Amma tun da sun ambaci wurin, shawararmu ita ce ka ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen damina, wato watan Oktoba ko farkon Nuwamba.

Dalili kuwa shi ne, daminar wancan yanki ba irin tamu ba ce: ruwa yakan sauka tun Afrilu, ya kai har Oktoba, saboda haka kogin Gurara, wanda yake zuba a kogin Kwara, yakan cika ya batse. A tsakiyar damina ruwan yakan zo jajir da laka, ya rufe duwatsun gaba ɗaya, ya faɗo daga tsayin da ya kai kimanin mita 30, da rugugin da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, feshinsa kuma ya jiƙa maka riga tun kana nesa. Daga Janairu zuwa Maris kuwa yakan ja baya ƙwarai, ya rarrabu tsakanin duwatsu, ya yi garau, har rairayi ya bayyana a ƙasa. Wanda ya je da kaka yakan tarar da ruwan da sauran ƙarfinsa, alhali sama ta fara ɗaukewa. Ga mutumin Damagaram da ya saba jiran 'yan garuwa a ƙofar gida idan famfo ya ƙafe, ganin wannan ruwa yana kwarara dare da rana ba ƙaramin abin kallo ba ne.

Sai dai a nan ne muke son ka yi hattara, domin ruwan da muka sani a ƙasarmu na tabki ne, wanda yake kwance, shi kuwa wannan yana da igiya mai ja ta ƙarƙashi ko a inda fuskarsa ta yi lumui. Duwatsun bakinsa suna da gansakuka mai santsi, babbar riga da takalmin fata kuwa ba kayan sauka gangare ba ne. Ka tsaya inda masu kula da wurin suka nuna, kada son ɗaukar hoto ya kai ka baki, idan kuma da yara a tafiyar a riƙe hannunsu.

Wurin yana kan hanyar Suleja zuwa Minna, a jihar Neja ta Najeriya, kuma daga Suleja tafiyar yini guda ce a je a dawo. Daga nan gida, hanyar da aka fi bi ita ce ta Matamaye da Ɗan Barto, a tsallaka Kongolam, a bi ta Daura zuwa Kano, sannan Zariya da Kaduna. Ka kwana a Kano, kada ka yarda da tafiyar dare, musamman tsakanin Kaduna da Abuja inda aka sha fama da masu garkuwa da mutane. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Kubwa a Abuja, wadda ba ta da nisa da Suleja. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO a Janairun 2025, ka tambayi direbobin tasha da jami'an iyaka takardun da ake nema kafin ranar tafiya, ka riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara, ka kuma canja sefarka zuwa naira tun a iyaka ko a Kano.

Suleja kanta ba baƙon wuri ba ce ga Bahaushe, domin zuriyar sarakunan Zazzau da suka baro Zariya bayan jihadi su suka kafa ta, kuma Abuja ne sunanta kafin sabon babban birnin ya karɓe shi. Dutsen Zuma, wanda yake jikin takardar naira 100, yana nan kusa da garin. Amma kada yawon kallo ya cinye kwanakin: ka fara ba masu masaukinka kwana biyu na hira da gaida iyali, ka miƙa wa matan gida tsarabarsu ta kilishi da dabino da jakunkunan fata na dukawan Damagaram, sannan ka bar su su zaɓi ranar zuwa Gurara, tun da su suka san halin da hanyar take ciki a makon.