Shin Gidan Arewa ne gidan Sardauna?

Malam, ka tambaya ko Gidan Arewa da ke kan titin Rabah a Kaduna shi ne gidan Sardauna. Haka ne, a nan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, ya zauna, kuma a nan sojoji suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu da asubahin 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da harabar cibiyar bincike da adana takardun tarihi, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Masu ziyara kan kalli hotuna da kayan marigayin su wuce, alhali a ganina dukiyar wurin tana ɗakin ajiya, inda aka tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami da takardun gwamnatin Arewa.