Minshari, dannau, da abin da jini ke faɗa

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa maigidanta yakan yi minshari, sai ya yi tsit kamar ba rai, can kuma ya zabura yana jan iska. Likita ya kira abin da afniya, ya ce har ƙwaƙwalwa yakan taɓa. Tana tambaya: mene ne sunansa da Hausa, kuma shi ne dannau?

Malama, ba dannau ba ne. Dannau daga "danne" ya fito: mutum ya farka, yana ji yana gani, amma ya kasa ɗaga ko yatsa, kuma da safe shi zai ba da labari da bakinsa. Mai wannan larura kuwa yawanci bai san abin da ya faru ba. Na kusa da shi ne ke sani.

Minshari, ko munshari, ko hansari a wasu kare-karen Hausa, sunan ƙarar ce kawai. Shirun da ke biyo bayan ƙarar, wanda shi ne haɗarin, ban ga mun raɗa masa suna guda ba, kuma wannan giɓin yana damuna, domin abin da ba shi da suna da wuya a kai shi asibiti. Ita afniya daga Girkanci ta zo, ma'anarta rashin numfashi. Wasu na fassara ta da "ɗaukewar numfashi". Ni na fi son "toshewar numfashi cikin barci", don ita ta faɗi yadda abin yake: naman maƙogwaro ya saki, tushen harshe ya koma baya, hanyar iska ta rufe, ƙirji na ta ƙoƙari amma iska ba ta wucewa. Likitoci na ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. In ta faru sau 5 zuwa 14 a awa guda, larurar mai sauƙi ce. In ta kai sau 30, ta yi tsanani.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa, karin maganar da ta dace shi ita ce "jiki magayi". Magayi daga "gaya" yake, kamar yadda masani ya fito daga "sani". Akan yi wa mai taurin kai ita, cewa abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai gaya masa. To a nan jini ne magayin. Duk lokacin da numfashi ya toshe, iskar oksijin na raguwa a jini, ta dawo, ta sake raguwa, dare bayan dare, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure wannan hawa da sauka. Akwai sinadaran da mazauninsu ƙwaƙwalwa ne, kamar NSE da ke cikin ƙwayoyin jijiya, da S100B da ke cikin ƙwayoyin da ke tallafa musu. Idan ƙwayoyin suka wahala, sinadaran kan tsiyayo cikin jini. Bincike da dama ya same su da yawa a jinin masu wannan larura fiye da na masu lafiyayyen barci. Sai dai kada a riƙe wannan a matsayin hukunci a kan mutum guda: akwai S100B a kitsen jiki, akwai NSE a jajayen ƙwayoyin jini, don haka yawansu a jini ba lallai daga ƙwaƙwalwa ya fito ba. Gwajin da ke tabbatar da larurar shi ne a kwana da na'urori suna auna numfashi da oksijin.

Mukan ce "barci ɓarawo ne" idan gyangyaɗi ya sace mutum a taro, mu yi dariya. Amma mai minshari da ke gyangyaɗi kullum da rana, yana tashi da ciwon kai da mantuwa, ruwa ba ya tsami banza, kuma abin na da haɗari, musamman in direba ne. Magani akwai: rage ƙiba, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda wani likita mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Ranar komawa wurin likita ki raka shi, Malama, domin ke ce mai shaidar abin da ke faruwa cikin dare.