Littafin Yaron Da Aka Sace

Tambaya: Muna firamare malaminmu ya karanta mana labarin wani yaro da aka sace, wani Balarabe ya ƙetara hamada da shi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ta faɗa cikin bauta. Wane littafi ne?

Amsa: Masu karatu da dama sun rubuto cewa Shaihu Umar ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma sun yi daidai, domin batun uwar kaɗai ya isa shaida. An buga shi a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. Sai dai idan sunayen masu magana kike tunawa a gefen shafi, to wasan kwaikwayon da aka ciro daga littafin aka karanta muku.