Banki ya yi gwanjon gidana bisa zalunci: ya halatta in kai shi kotun Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direban babbar mota ne, ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka da matata da 'ya'ya huɗu. Shekara tara ke nan da na sayi gida da bashin banki. Bara na kwanta jinya, biyan wata huɗu ya wuce ni. Da na samu sauƙi na nemi sassauci, suka ba ni takarda cewa in biya wani adadi na wata uku a matsayin gwaji. Na biya duka, rasit na hannuna. Ina jiran amsarsu sai na ji an yi gwanjon gidan a ƙofar kotu. Lauya ya ce hujjata tana da ƙarfi. Amma wani abokina ya ce tunda bashin na ruwa ne, ni na jawo wa kaina, kuma kai ƙara kotun da ba ta Musulunci ba haramun ne. Ina gaskiyar take? Idan aka ba ni diyya, halal ce?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar maka da mafi alheri. Ya halatta ka kai ƙara, kuma ina ba ka shawara ka kai. Abokinka ya haɗa abu biyu ne da shari'a ta raba su.

Na farko, ribar da ke cikin bashin. Ba zan ɓoye maka ba, abin da nake a kai shi ne bashi da kuɗin ruwa haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Na san Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame a shekarar 1999 ga Musulmin da ke zaune a can ya sayi gidan zama ta wannan hanya idan buƙata ta matsa masa kuma babu wata mafita, malamai da yawa kuma sun saɓa mata. Idan da wannan fatawa ka yi aiki, kana da madogara. Idan ba haka ba, ka tuba tsakaninka da Ubangijinka. Amma ko da laifin ya tabbata a kanka, bai mayar da gidanka halal ga banki ba. Dubi yadda Allah ya rufe zancen riba a Suratul Baƙara, aya ta 279: idan kun tuba, kuna da uwar dukiyarku, kada ku yi zalunci, kada a zalunce ku. Wanda ya ci riba ke nan, Allah ya tsare masa uwar kuɗinsa. To ina ga wanda aka ci ribar daga gare shi, sannan aka haɗa da gidan? Aya ta gaba ma cewa ta yi a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, wato ainihin halin da ka shiga lokacin jinya.

Gidanka a fiƙihu jingina ne, abin da ake kira rahanu. Jingina halal ce. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Sai dai abin da aka jinginar bai fita daga mallakar mai shi ba. Imamu Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa cewa ba a kulle jingina, ya kuma fassara shi da cewa mutum ya jinginar da abin da ya fi bashin daraja, a yi sharaɗin idan bai biya a kan lokaci ba abin ya zama na mai bin bashi. Malik ya ce wannan bai inganta ba. Haƙƙin mai bin bashi shi ne, idan lokaci ya yi kuma an kasa biya, a sayar ta hanyar da ta dace, ya ɗauki nasa, rarar ta koma ga mai gida. Kai kuwa, in dai yadda ka faɗa ne, an ba ka alkawari a rubuce, ka cika naka, suka karɓi kuɗinka, suka sayar. Wannan cin amana ne da ƙwace. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya zalunci wani da taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar ƙiyama.

Kada kuma ka ɗauka kai kaɗai aka yi wa. Bayan rushewar kasuwar gidaje a 2008, asirin manyan bankunan Amurka ya tonu a 2010: ma'aikata suna sa hannu a takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, har wani ya amsa cewa shi kaɗai yakan sa hannu a kimanin 10,000 a wata. A Janairun 2011 babbar kotun jihar Masacuset ta soke gwanjon gidaje biyu domin bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu lokacin da suka sayar. A 2012 gwamnatin tarayya da jihohi 49 suka yi sulhu na dala biliyan 25 da Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citi da Ally. Abin da ya fi ɓata mini rai a sulhun nan shi ne, wanda ya riga ya rasa gidansa bai samu fiye da wajen dala 1,500 ba. Daga 2014 dokar tarayya ta hana a fara ƙwace gida sai bashi ya wuce kwana 120 ba a biya ba, ta kuma hana a sayar da gidan wanda ke cika sharaɗin sassaucin da aka ba shi. Ka ga dokarsu da kanta ta kira abin da aka yi maka laifi. Jojiya kuma tana cikin jihohin da banki ke iya gwanjon gida ba tare da ya je gaban alƙali ba, a Talatar farko ta wata. Ma'ana, har yau babu alƙalin da ya ji ta bakinka, kuma ba zai ji ba sai ka kai kanka.

Na biyu, kotun. Ayoyin da suka yi tsanani a kan kai hukunci ga wanin shari'ar Allah suna magana ne a kan wanda ga shari'ar a gabansa, ya juya mata baya don ya fi son wata. Kai wane alƙalin Musulunci ne yake da ikon kiran banki a Jojiya? Babu. Allah ya ce a Suratush Shura, aya ta 41, wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Annabi Yusuf (AS) yana kurkuku ya ce wa wanda zai fita ya ambace shi wurin sarki. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najashi sarkin Habasha ya kare Musulmi da hujja lokacin da Ƙuraishawa suka zo neman a mayar da su. A kan haka malaman zamani da dama suka halatta zuwa irin waɗannan kotuna idan babu wata hanyar karɓo haƙƙi, da sharaɗin kada mutum ya nemi abin da shari'a ba ta ba shi ba. Haƙuri da yafiya abu ne mai kyau idan haƙƙin naka ne kai kaɗai. Nan kuwa matsugunin mace ne da yara huɗu da Allah ya ɗora maka, kuma shirunka yana ƙara wa azzalumi ƙarfin yi wa na bayanka.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne bakinka. Wata huɗun nan da ba ka biya ba, ka faɗe su. Kada lauya ya sa ka ce ba ka ga takardar da ka gani ba, kada ka ƙara wa asararka ko dala ɗaya. Annabi (SAW) ya ce wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, shi Annabi ya yanke masa hukunci a kan abin da ya ji. Wanda aka yanka wa haƙƙin wani, yanki ne na wuta aka ba shi. Ragowar bashin da ke kanka kuma bai faɗi ba don an zalunce ka. Uwar kuɗin da ka karɓa sai ka biya, ko a cire daga kuɗin gidan. Idan kotu ta sauke maka wani abu na kuɗin ruwa da tarar jinkiri, ka karɓa da farin ciki, domin dama ba haƙƙinsu ba ne.

Game da diyya: idan an mayar maka da gidan, shi ne asali. Idan ya riga ya shiga hannun wanda ya saya bai san komai ba, ƙimar abin da ka mallaka a cikinsa halal ce gare ka. Haka kuɗin hayar da ka biya, da na kwashe kaya, da abin da ya lalace, da na lauya, domin Ibnu Taimiyya ya ce abin da mai haƙƙi ya kashe bisa al'ada wajen ƙara yana kan azzalumin da ya tilasta masa. Kuɗin ɓacin rai da wanda ake ƙarawa don horon banki, a nan akwai saɓani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a matsayarta ta shekarar 2000 kan sharaɗin tara a kwangila, ta taƙaita diyya ga asarar dukiya ta haƙiƙa, wasu malamai kuma sun halatta ta a matsayin horo da dukiya. Ni abin da na fi natsuwa da shi: ka fara cike duk asararka da shi, domin da wuya diyya ta kai abin da mutum ya rasa, abin da ya yi saura ka taimaki waɗanda suka rasa matsuguni irinka. Amma duk abin da aka rubuta da sunan kuɗin ruwa a kan diyyar, ka fitar da shi ga mabuƙata, kada ka ci.

Ka gaggauta, domin irin wannan ƙara tana da wa'adi. Ka tattara rasit da takardar gwajin da duk wasiƙun da suka aiko maka, ka kuma sa lauya ya bincika ko an samu rara a gwanjon bayan an cire bashi, domin wannan kuɗinka ne ko da ba ka yi nasara a sauran ba. Wallahu a'alam.