Me ya sa aka rubuta wa Baba maganin tsinka jini?

'Yar'uwa, kin ce a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi an gano bugun zuciyar Baba ya rikice, aka rubuta masa warfarin, wato maganin tsinka jini don kada ya yi guda, kina tambaya ko wajibi ne ya sha tunda ba ya jin ciwo. A ganina ya sha, Allah ya ƙara masa lafiya.

Idan ɗakunan zuciya na sama suna karkarwa maimakon su buga daidai, jini yakan kwanta a cikinsu har ya yi guda, kuma gudan nan idan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda haɗarinsa yakan ninka kusan sau 5 ga mai wannan larura. Likita yana auna shekaru, musamman daga 65, da hawan jini da ciwon suga kafin ya yanke shawara. Asfirin ba ya maye gurbin warfarin.

Warfarin yana bukatar gwajin INR a kai a kai, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini, ana so sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Kontomire (ganyen gwaza) da alayyahu suna rage ƙarfinsa, amma kada ki hana shi miyarsa, ya dai riƙa cin gwargwadon da ya saba. Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac, maganin ciwon jiki na kemis, da jiƙe-jiƙen gargajiya da ake sayarwa a Aboabo. Kada ya taɓa su sai likita ya sani.

Idan kin ga baƙin bayan gida, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ku tafi asibiti nan take.