Daga Kano zuwa Khartum awa nawa ne?

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakaninmu, mu Hausawan Sudan, da ku na Kano, ka kuma haɗa da cewa in dai tafiyar jirgi ce me ya hana mu zuwa ganin gida. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Khartum kilomita 2,600 ne da 'yan kai, kimanin awa uku da rabi ke nan in jirgi ya miƙe bai yada zango ba. Agogonmu yana gaban naku da awa ɗaya. A da jirgin Sudan yakan bi ta Njamena. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe filin Khartum, tashi ya koma Fot Sudan, mai zuwa Kano sai ya zaga ta Adis Ababa ko Alƙahira, ya yini ko ya kwana a kujerar jira. Kuɗin tikitin kuwa, manomin dawa a Gadarif sai ya sayar da noman shekara.

Kakanninmu ba a jirgi suka zo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya yi gabas da jama'a har suka zauna a bakin Nilu kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da har yau yake ɗauke da sunansa. Wasu maniyyata ne, suka bi ta Maiduguri, Abeche, Janaina, Fashir, su yi damina a nan su yi kaka a can. Kakata Hajiya takan ce a bayan jaki ta yi haƙora. Ta rasu ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ba ka isa ka shiga ɗakinta ba ka durƙusa ba.

Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne cewar da ka yi mun zama Larabawa. Eh, muna sa jallabiya da rawani, matanmu na lulluɓa da tob, Hausarmu ta sha Larabci. To taku fa, Turanci nawa ke cikinta? Agashe da duk Sudan ke rububinsa, tsiren wa ke nan?

Maganar aure ma kun ɗauka sakinta muka yi. Ƙanwata Balarabe take aure, kuma sai da Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta. Nasu dangin ma ba da son ransu ba, don har yanzu akwai masu yi mana kallon baƙi bayan shekara ɗari da wani abu. Ranar biki aka yi musu jirtik irin nasu, mu kuma muka yi kamu da buɗar kai. Yanzu 'ya'yanta Baffan ne ke goya su a keke, yana faɗa in suka amsa masa da Larabci.

In kana so ka zo, bari hanya ta lafa tukuna, ka kuma taho mana da daddawa da goro.