Digiri na biyu a ilimin garkuwar jiki: sai an fita waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri a fannin nazarin ƙwayoyin cuta, na yi hidimar ƙasa. Burina in zama mai bincike a ilimin garkuwar jiki, amma ana ce min sai an fita waje. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Masu faɗa miki haka ba su san tarihin garinsu ba. A nan Zariya, cikin shekarun 1970, likitan Birtaniya Brian Greenwood da abokan aikinsa suka gano cewa zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar jikin yara, har allurar rigakafin sanƙarau ba ta kama su sosai idan an yi musu suna cikin zazzaɓin. Sai a 1980 ya koma Gambiya. Har gobe ana koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar ACENTDFB mai binciken cututtukan da aka yi sakaci da su.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne, kafin ki sayi fom, nemi malamin da zai duba aikinki. Karanta abin da ya wallafa kwanan nan, sannan ki je ɗakin gwajinsa da ƙafarki. Buɗe firinjin ajiyar jini ki ga ko ƙanƙara ta kama. Tambayi ɗalibansa abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Jinin da kika sha wahalar tarawa a asibiti, in ya narke ya sake daskarewa sau da yawa, sakamakon ya tashi aiki. Kayan ELISA kuma, wato gwajin auna sinadaran garkuwar jiki a cikin jini, da dala ake sayensu, don haka ki san wanda zai biya tun kafin ki zaɓi maudu'i.

Maudu'in ma, ɗauki cutar da ke gabanmu: maleriya, sanƙarau, tarin fuka, sikila. Idan dabbobi ne ra'ayinki, akwai cibiyar binciken sammore a Kaduna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, inda ake haɗa rigakafin dabbobi.

Fita waje ta fi amfani a matakin digiri na uku, ta tallafin Commonwealth ko DAAD ta Jamus, ko WACCBIP, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a Jami'ar Ghana. Masu tantancewa suna duba abin da hannunki ya iya da abin da kika wallafa. Ki fara koyon nazarin alƙaluma a kwamfuta tun yanzu, domin nan ne ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe.